Sakamakon zaɓen ƙananan hukumomi idan an haɗa shi da babban zaɓe

Zaɓen ƙananan hukumomi shi ne wanda ake zaɓen ciyaman da kansiloli, wato shugabannin da suka fi kusa da talaka, masu kula da kasuwa da kwalbati da asibitin sha-ka-tafi da makarantar firamare. A wasu ƙasashe ana yin sa rana ɗaya da babban zaɓe, mutum ya shiga rumfa a miƙo masa ƙuri'u da yawa, ya dangwala wa shugaban ƙasa ko ɗan majalisa sannan ya dangwala wa kansilan unguwarsu, duk a tsayuwa ɗaya. A wasu kuma ana raba su. Mu nan Kaduna rabawa ake yi, kuma ba ma hukuma ɗaya ce ke gudanar da su ba, wannan bambancin kuwa yana shafar irin sakamakon da ake sanarwa fiye da yadda mutane da yawa suke zato.

Yadda dokar Najeriya ta tsara abin

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, shida daga ciki na Abuja ne. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya ce dole zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, sai sashe na 197 ya ba kowace jiha hukumar zaɓenta, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta majalisar jiha ta amince. Tamu ita ce KADSIECOM, ita ke da alhakin ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255 na jihar Kaduna, tun daga Sanga da Jema'a har Kudan da Maƙarfi. INEC ba ruwanta da wannan zaɓen sai dai rajistar masu zaɓe da ake karɓa daga hannunta. Dan haka babu yadda za a yi a ce ranar da ka zaɓi shugaban ƙasa a Tudun Wada ko Rigasa ranar ce za ka zaɓi kansila, dokar ma ba ta bada wannan hanyar ba.

Amma ba haka aka faro ba. Ranar 5 ga Disamba 1998, lokacin Janar Abdulsalami Abubakar, INEC ce da kanta ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a duk faɗin ƙasa rana ɗaya, kuma da sakamakon ne aka tace jam'iyyu, PDP da APP da AD suka samu cikakkiyar rajista suka shiga sauran zaɓukan 1999. Wato zaɓen ciyaman da kansila shi ya buɗe ƙofar jamhuriya ta huɗu gaba ɗaya, abin da yaran yanzu da yawa ba su sani ba.

Abuja, inda aka taɓa haɗawa

Abuja ba jiha ba ce, ba ta da gwamna ba ta da majalisar jiha, saboda haka INEC ce ke yi mata zaɓen ƙananan hukumominta shida, AMAC ta cikin birnin Abuja da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, masu mazaɓu 62. A 2019 wa'adinsu ya zo daidai da babban zaɓe sai aka saka su cikin jadawali ɗaya. An yi na shugaban ƙasa da 'yan majalisar tarayya ranar 23 ga Fabrairu bayan ɗagewar da aka yi da tsakar dare, 'yan sa'o'i kafin a fara zaɓen ranar 16 ga Fabrairu, sai ranar 9 ga Maris da mu muke zaɓen gwamna da 'yan majalisar jiha su kuma mutanen Abuja suna zaɓen ciyamomi da kansiloli.

Abin lura a sakamakon shi ne, a zaɓen shugaban ƙasa Atiku Abubakar na PDP ne ya ci Abuja, amma sati biyu bayan nan APC ta ɗauki ƙananan hukumomi huɗu, AMAC da Gwagwalada da Kwali da Abaji, PDP ta samu Bwari da Kuje. Mutanen gari ɗaya ne, katin zaɓe ɗaya ne, amma hukunci biyu suka yanke. Dalilan ba a ɓoye suke ba. Ma'aikata da 'yan kasuwa mazauna cikin birni da suka yi cincirindo ranar shugaban ƙasa da yawansu ba su dawo ba, waɗanda suka fito su ne 'yan ƙauyuka da 'yan asalin wurin da suka san ɗan takara da gidansu da abin da ya yi musu ko ya kasa yi, sannan kuma an riga an san wanda ya ci kujerar sama, ɗan siyasa kuwa ba ya son zama inda ba inuwa. A zaɓen 12 ga Fabrairu 2022, da aka yi shi shi kaɗai ba tare da babban zaɓe ba, sai aka raba daidai, PDP uku APC uku, har da AMAC da ta koma hannun PDP. Ko a 2019 ko a 2022, babu jam'iyyar da ta kwashe duka.

Yadda ake haɗa sakamakon

Daga rumfa ake farawa. Ana gama jefa ƙuri'a sai malamin zaɓe ya zazzage akwati a gaban kowa, a ware ƙuri'un jam'iyya-jam'iyya, a ƙirga da ƙarfi jama'a suna amsawa, a cire waɗanda suka lalace, a rubuta a takardar sakamako ejan-ejan su sa hannu kowa ya karɓi kwafinsa. Daga nan a kai cibiyar mazaɓa, a nan ne ake sanar da kansila domin shi iyakarsa mazaɓa, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci. Na ciyaman sai an wuce da shi hedikwatar ƙaramar hukuma, kuma a dokar da ake bi a Abuja yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba, sai ya samu kashi ɗaya bisa huɗu a aƙalla biyu bisa uku na mazaɓun, don kar wani ya tattara ƙuri'ar ɓangare ɗaya ya mulki kowa. Idan kuma ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba, sai a ce zaɓe bai kammala ba, inkonkulusib ɗin nan da ya shiga bakin kowa a 2019.

In an haɗa da babban zaɓe aikin ninkuwa yake. Akwatuna sun yi yawa, ƙuri'a tana faɗawa akwatin da ba nata ba, dare yana yi ana ƙirga da fitilar waya, kuma a al'ada na manyan kujeru ake fara bi, na kansila ya zo ƙarshe lokacin da 'yan jarida da masu sa ido sun gaji sun watse. Duk wanda ya taɓa aikin ejan ya san irin tsohuwar da za ta riƙe takardu biyu ko uku a hannu ta juyo ta ce, ɗana wacce ce ta wa, a ce mata Baba ki duba alama, ita kuwa alama ɗaya ta haddato daga gida. To a ce takardun nan shida ne.

A Kenya shida ne kuwa. Tun zaɓen 2013, a ƙarƙashin tsarin mulkinsu na 2010, rana ɗaya suke zaɓen shugaban ƙasa da gwamna da sanata da ɗan majalisa da wakiliyar mata da wakilin mazaɓa a majalisar yanki, kowace ƙuri'a da launinta da akwatinta. Zimbabuwe ma tun 2008 take haɗa nata, Tanzaniya tana zaɓen kansiloli ranar shugaban ƙasa, Siwidin kuma duk bayan shekara huɗu a watan Satumba take yin na majalisar ƙasa da na yankuna da na ƙananan hukumomi tare, masu fitowa suna haura kashi 80 cikin ɗari.

Guguwa da sak

Babban abin da haɗawa ke jawowa shi ne wanda mu a Arewa muka sani da suna sak. A 2015 da guguwar Buhari ta taso, mutane nawa ne suka tafi majalisa alhali mazaɓarsu ba ta san fuskarsu ba, tsintsiya kawai aka bi daga sama har ƙasa. In da a ce akwai kansila a takardun ranar, da shi ma guguwar ce za ta ɗauko shi ko ta kayar da shi, ko da kuwa shi ne ya gyara famfon unguwa da kuɗin aljihunsa. Wannan gaskiya ne kuma masu adawa da haɗawa suna da hujja a nan.

Sai dai sak ba ta cika kamar yadda ake faɗa. A Ingila sun sha haɗa zaɓen kansiloli da na majalisar ƙasa, a 1979 da 1997 da 2001 da 2005 da 2010 da 2015. A ranar 1 ga Mayu 1997 jam'iyyar Leba ta Tony Blair ta yi wa masu ra'ayin riƙau mummunan kaye a majalisar ƙasa, amma a ranar dai masu ra'ayin riƙau suka ƙwato wasu majalisun gundumomi da suka rasa a baya. Sannan fitowar jama'a, wadda takan tsaya wajen kashi ɗaya bisa uku in zaɓen kansila ne kaɗai, takan kai wajen biyu bisa uku in an haɗa. Kansilan da mutane da yawa suka zaɓa ya fi wanda 'yan tsiraru suka zaɓa ƙarfin tsayawa a gaban ciyaman.

Kaduna a gefe guda

A babban zaɓen 2023 mutanen Kaduna sun nuna sun iya rarrabewa. Ranar 25 ga Fabrairu Atiku ne ya zo na ɗaya a jihar, PDP ta ɗauki kujerun sanata duka uku, sai ranar 18 ga Maris Uba Sani na APC ya ci gwamna a kan Isa Ashiru da ratar da ba ta wuce ƙuri'a dubu goma da 'yan kai ba. Jiha ce da ta rabu kusan gida biyu. Sai ga zaɓen ƙananan hukumomi na 19 ga Oktoba 2024, KADSIECOM ta sanar da APC ta ci ciyaman 23 cikin 23 da kansila 255 cikin 255, PDP kuma ta ce ba ta yarda ba. Ni a ganina ko ɗan APC ne ya kamata wannan lissafin ya dame shi, kuma ba Kaduna kaɗai ba ce, kusan duk jihar da ka duba jam'iyyar gwamna ce ke kwashewa, PDP a jihohinta, APC a nata, NNPP a Kano a shekarar.

Abin da ya sa na Kaduna ya fi ciwo shi ne mun taɓa ganin wani abu daban. Ranar 12 ga Mayu 2018, zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, Kaduna ta zama jiha ta farko a Najeriya da ta yi zaɓe da na'ura, ka tsaya gaban allo ka taɓa alamar jam'iyyar da kake so ka tabbatar, ba tawada ba ninke takarda. An sake a ranar 4 ga Satumba 2021. An samu ƙorafe-ƙorafe, na'ura ta ƙi aiki a wasu wurare an kuma sace wasu, amma a duka zaɓukan biyu PDP ta ci ƙananan hukumomi a kudancin jihar, a 2021 ma har rumfar gwamnan da ke Unguwar Sarki PDP ce ta ci aka kuma sanar. Kafin zaɓen 2024 sai aka gyara dokar aka koma takarda.

Maganar mayar da zaɓen hannun INEC ta ƙara ƙarfi tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Hukuncin ne ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe a ƙarshen shekarar. Amma bai taɓa hukumomin zaɓe na jihohi ba, saboda suna cikin tsarin mulki, cire su kuwa sai biyu bisa uku na majalisar dattawa da ta wakilai sun amince, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su ma su amince, majalisun da mafi yawansu jam'iyyar gwamna ce ke da rinjaye a ciki.