Tsatsa a Tsofaffin Motocin Wasanni da Aka Daɗe da Ajiyewa

Tsatsa ita ce matsalar da ake fara cin karo da ita idan za a tayar da tsohuwar motar wasanni da ta shafe shekaru a ajiye. Motocin da ake nufi su ne ƙananan motoci masu gudu, galibinsu masu kujera biyu, waɗanda aka ƙera a Ingila, Italiya, Jamus da Japan daga shekarun 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1970, irin su Jaguar E-Type, MGB, Porsche 911 ta farko da Datsun 240Z. Injin da ya daskare ana iya kwance shi a sake ɗaurawa. Bodin da tsatsa ta ci kuwa sai an yanke an yi walda, kuma sau da yawa aikin bodi ne ke cinye mafi yawan kuɗi da lokacin gyaran.

Yadda take samuwa

Tsatsa na fitowa idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, gishiri ko asid a cikin ruwan kuma na ƙara mata sauri. Tana kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, sannan ta ɓare ta buɗe sabon wuri. Shi ya sa take tura fenti ya yi ƙuraje, take kuma raba gaɓar da aka haɗa farantai biyu.

Asalin matsalar

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu yawancin motoci na da shasi mai kauri daban, bodi daban. Bayan yaƙin masu ƙera motoci suka riƙa komawa ga ƙirar da bodin kansa ke ɗaukar nauyin mota. Ana naɗe siraran farantan ƙarfe su zama dogayen akwatuna masu kogo, a haɗa su da ɗigon walda. Wannan ƙira ta sa mota ta yi sauƙin nauyi da ƙarfi, amma cikin akwatunan sau da yawa ba ya samun fenti ko kaɗan. Ruwa da laka na shiga ta gaɓoɓi, ramukan fitar ruwa su toshe, ƙarfe ya fara ruɓewa daga ciki. Kafin a ga alama a waje, ciki ya riga ya lalace, kamar azarar da gara ta cinye.

Motar da ba ta da rufin ƙarfe ta fi shiga haɗari, domin ƙarfinta ya dogara ne ga dokin ƙofa, wato dogon akwatin da ke ƙarƙashin ƙofa tsakanin tayar gaba da ta baya. A MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980 har fiye da guda 500,000, wannan wurin haɗin farantai ne da yawa, wani cikin wani, kuma bakinsa na gaba da na baya na ɓoye a bayan marfin taya. Idan ya ruɓe, tsakiyar motar na lotsawa, ƙofofi su daina rufuwa daidai. Jaguar E-Type, da aka fara nunawa a baje kolin motoci na Geneva a watan Maris na 1961, haka ita ma take, sai dai tana da ƙarin firam na siraran bututu a gaba mai ɗauke da injin. Bututun na tsatsa daga ciki, kuma masu gyara sun fi son a sauya shi gaba ɗaya da a yi masa faci. An ƙera kimanin 72,000, aka daina a 1974 ko 1975, gwargwadon yadda aka ƙirga na ƙarshe.

Kowace ƙira na da wurin da aka san ta da shi. A Datsun 240Z da Porsche 911 ta farko, ruwan batir da ke zuba na cin farantin da ke ƙarƙashinsa. Lotus Elan da Chevrolet Corvette bodinsu na faiba ne, ba ya tsatsa, amma shasin ƙarfen da ke ƙasa na yi. Aston Martin DB4 da DB5 kuwa fatar alminiyam ce a kan siraran bututun ƙarfe, kuma inda ƙarafan biyu suka haɗu da danshi alminiyam ɗin na zama farin gari.

Gishirin da ake zubawa a tituna lokacin dusar ƙanƙara a Birtaniya, arewacin Turai da arewacin Amurka ya ƙara tsananta lamarin. Motocin da aka sayar a busassun jihohi irin su California da Arizona sun fi tsira, abin da ya sa a ƙarshen shekarun 1980, da farashin tsofaffin motoci ya tashi, aka dawo da da yawa daga cikinsu Turai.

Sauyi ya fara ne a tsakiyar shekarun 1970. Porsche ta fara rufe bodin 911 da tutiya, ƙarfen da ke kare shi daga tsatsa, daga motocin shekarar 1976, ta kuma ba da garantin shekara shida. A daidai wannan lokacin masana'antu suka fara inganta tsoma bodi a fentin farko da taimakon lantarki, wanda ke kai fenti har cikin kogo. Motocin Italiya na zamanin sun yi ƙaurin suna wajen tsatsa, musamman bayan 1980 da Lancia ta saye wasu motocin Beta daga hannun masu su a Birtaniya. Ana yawan ɗora laifin a kan ƙarfen Tarayyar Sobiyet, amma wasu masana tarihin mota na ganin rashin kyakkyawan shiri kafin fenti ne sanadi.

Abin da ajiya ke yi

Ajiya ba ta tsayar da tsatsa. Daɓen ƙasa ko siminti marar kariya na tura danshi sama, tamfal kuma na riƙe raɓa a jikin fenti. Kafet da soson da ke ƙarƙashinsa na shan ruwan da ya shigo ta robar gilashi su riƙe shi a kan faranti shekara da shekaru. Sheƙar ɓera da fitsarinsa na cin ƙarfe. Tankin mai da aka bari rabi na tara ruwa ya yi tsatsa a ciki. Man birki irin wanda aka fi amfani da shi na jawo danshi daga iska, sai fistin ɗin birki ya maƙale. Ringi na kama jikin silinda, kuloci ya manne. Saboda haka ba a yi wa irin wannan motar ki kai tsaye: ana cire fulogi, a zuba mai a silinda, a bar shi ya jiƙa, sannan a gwada juya injin da hannu.

Bincike da gyara

Ana duba mota daga ƙasa, da fitila da sukundireba, ana ƙwanƙwasa dokin ƙofa, daɓe, mazaunin sifirin da wurin sa jak. Maganaɗisu na nuna inda wani mai gyara ya cike rami da fila a baya, domin ba ya kamawa a wurin. Tazarar ƙofa idan ta matse a sama ta buɗe a ƙasa alama ce ta bodin da ya lanƙwashe.

Tsatsar sama ana goge ta da buroshin waya ko sanfefa, a shafa asid na fosforik ko na tanik, waɗanda ke mayar da ragowarta baƙin abu mai karɓar fenti. Waɗannan magunguna ba sa dawo da ƙarfen da ya tafi. Inda ya huje ko ya sirance, ana yankewa har sai an kai lafiyayyen ƙarfe, a daidaita sabon faranti mai kauri ɗaya, a yi walda baki da baki. Facin da aka ɗora a kan ruɓaɓɓen wuri sabon maɓoyar ruwa ne kawai. Kafin a yanke dokin ƙofa dole a tokare bakin ƙofa da sandunan ƙarfe, a kuma yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, in ba haka ba bodi ya karkace.

Idan za a tuɓe bodi gaba ɗaya, ana fesa masa garin roba, soda ko ɓawon 'ya'yan itacen walnut da iska mai ƙarfi, ko a tsoma shi a kwamin sinadari. Ana guje wa fesa yashi, domin yana lanƙwasa faffaɗan faranti, ƙurarsa kuma na lalata huhu. Tsomawa na kai wa ko'ina, sai dai sinadarin kan maƙale a gaɓoɓi ya fito daga baya ya ɓata fenti. Bayan walda ana sa fentin farko na efoksi, a toshe gaɓoɓi, a fesa kaki a cikin kowane kogo.

Sabon bodi

A 1988 kamfanin British Motor Heritage ya fara ƙera sabon bodin MGB da ainihin injinan matsa ƙarfe na da. Wannan ya ceci motoci da yawa da gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu.

Saɓani

Ba kowa ne ya yarda a kawar da kowace tsatsa ba. A Fabrairun 2015 aka yi gwanjon motocin Roger Baillon, wani Bafaranshe mai tara tsofaffin motoci, a Paris, bayan sun yi shekaru da dama a rumfuna a yammacin Faransa, inda wata Ferrari 250 GT California Spider ta 1961 ta kai fiye da Yuro miliyan 16 ba tare da an gyara ta ba. Bugatti ta 1925 da aka ciro daga tafkin Maggiore, da ke tsakanin Italiya da Suwizalan, a 2009 an baje ta a gidan adana motoci a California yadda aka same ta. Yarjejeniyar Turin ta 2013, wadda FIVA, ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, ta fitar, ta fifita adana ainihin kayan mota gwargwadon iko, kuma a 2024 wata Bugatti Type 59 da ba a sabunta ba ta lashe babbar kyautar gasar baje kolin tsofaffin motoci ta Pebble Beach a California. Masu gyara na amsawa da cewa wannan ya dace da fenti da kujeru, ban da ƙarfen da ke riƙe sifirin da bel na motar da za ta hau titi. Ana kuma jayayya a kan ko motar da aka sauya wa bodi tana nan a matsayin ta asali, kuma dokokin rajista a kan haka sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.