Waiwaye: Hausawa Kiristoci, daga Isawan Ningi zuwa Wusasa

Har yau in Bahaushe ya ce sunansa Ishaya ko Bulus sai ka ji an ce masa "to amma asalinku ina ne?" kamar dai dole baƙo ne, alhali wannan tarihi ya haura shekara 100 kuma wani ɓangarensa ya riga zuwan Turawan mishan ma.

Tun ƙarni na 19 akwai wani malami a Kano, Malam Ibrahim, da karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga fifita Annabi Isa sosai, aka kashe shi saboda ya ƙi janye maganarsa, almajiransa suka watse wasu suka nufi ƙasar Ningi, su ne ake ce wa Isawa. Babu coci babu fasto a lokacin fa. Turawan CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglican, sai 1900 suka iso Kano, Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller, Sarki Alu ya sallame su ba su daɗe ba. Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, a 1913 kuma wasu daga zuriyar Isawan nan suka nemo shi da ƙafarsu, aka kafa musu gari a Gimi cikin ƙasar Zazzau. Abin tausayi, ciwon barci ya shiga garin ya kashe mutane da yawa har ya watse, yaran da suka rage aka riƙe su a makarantar mishan. A 1929 mishan ta fita daga cikin ganuwar Zariya ta koma Wusasa a bayan gari, cocin St. Bartholomew da aka gina da ƙasa irin ginin Hausa yana nan, a 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa.

Gaskiya abin da ke damuna shi ne yadda ake mancewa da abin da wannan 'yar ƙaramar al'umma ta bayar. Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, Kirista ne ɗan Wusasa. Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci ABU daga 1966 zuwa 1975 shi ma a nan ya yi karatu. Daga baya ne Maguzawan Kano da Katsina suka shigo Kiristanci da yawa ta hanyar mishan ɗin SIM wadda ta haifar da cocin ECWA, yawancinsu manoma, da Hausa suke addu'a suna cewa Allah da Almasihu, kuma a kan gonakin kakanninsu suke zaune har yanzu.