Ma'aunin nasara

Ma'aunin nasara shi ne ƙa'idar da ake shimfiɗawa tun kafin a fara wani abu, wadda da ita za a ce an ci ko an faɗi. Kowane fage da nasa, har kalmomin ma sun bambanta: a wasa a kan lashe gasa, a wurin aiki a samu ƙarin girma, maras lafiya ya warke ko ya samu sauƙi, ɗan takara kuma ya samu rinjaye. Ƙa'idar da aka zaɓa ita ke sauya yadda mutane ke neman nasarar.

A wasanni

Ƙwallon ƙafa ta nuna haka a fili. A da, wanda ya ci wasa maki biyu yake samu, canjaras kuma maki ɗaya, don haka ƙungiyoyi da yawa kan tare gida su nemi a tashi kunnen doki. A 1981 Ingila ta mayar da nasara maki uku, aka kuma yi amfani da tsarin a gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka. Daga nan wanda ya ci wasa ɗaya ya sha kashi a ɗaya ya fi wanda ya yi canjaras sau biyu.

A tsere kuwa, cin gasa daban, kafa tarihi daban. Idan iskar da ke tura mai gudun mita 100 ta wuce mita 2 a daƙiƙa, zai karɓi lambarsa amma ba za a rubuta lokacinsa a matsayin tarihi ba. Daƙiƙa 9.58 da Usain Bolt ya yi a Berlin a 2009 ta cika wannan sharaɗi. Jadawalin Olamfik ma da zinare ake fara jera shi: a Paris a 2024 Amurka da Sin kowacce ta samu 40, sai azurfa ta raba gardama, Amurka ta hau sama.

A kiwon lafiya

Nan ne kalma ɗaya ke iya yaudarar iyalin maras lafiya, don haka ya kamata a tsaya a kai. A tarin fuka, wanda maganinsa kan ɗauki wata shida, Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba wanda ya warke, wato gwajin kakinsa ya nuna babu ƙwayar cutar, da wanda ya kammala shan magani ba tare da sakamakon gwajin ƙarshe ba. Jimillar biyun ce ake kira nasarar magani. A HIV ba a maganar warkewa. Nasara ita ce ƙwayar ta ragu a jini zuwa ƙasa da 200 a kowace mililita, matakin da mutum ba ya yaɗa ta ta hanyar jima'i.

A ciwon daji a kan ƙirga waɗanda suka rayu shekara biyar bayan gano cutar, kuma lissafin yana da tarko. Mutumin da aka gano cutarsa yana da shekara 67 ya rasu yana da 70 bai shiga lissafin ba. Da an gano ta yana da 60, ya rasu a daidai wannan rana, da an ƙirga shi, alhali ko kwana ɗaya bai ƙara ba. Kawar da cuta daga doron ƙasa shi ne mataki mafi girma, kuma a cututtukan ɗan Adam agana kaɗai ta kai nan, aka tabbatar a 1980.

A zaɓe da wurin aiki

Rinjaye ma iri-iri ne. A Birtaniya ɗan majalisa kan ci mazaɓarsa idan ya fi kowa ƙuri'a, ko da bai kai rabi ba. A Faransa, in ba wanda ya haura rabi a zaɓen shugaban ƙasa, manyan biyu kan sake karawa. A Amurka, inda wakilan zaɓe na jihohi ke zaɓen shugaban ƙasa, sai an samu wakilai 270 cikin 538, shi ya sa Donald Trump ya ci a 2016 duk da Hillary Clinton ta fi shi ƙuri'un jama'a.

A wurin aiki a kan duba albashi, muƙami da adadin abin da ma'aikaci ya kammala. Matsalar ita ce wadda masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya yi nuni da ita a 1975: da zarar an mai da ma'auni abin da ake hanƙoro, sai ya daina auna gaskiya. Makarantar da ake yabo da yawan masu cin jarrabawa tana iya hana ɗalibai masu rauni zama jarrabawar, alƙalumanta su yi kyau, yaran kuma su tafi babu takardar shaida.