Toshe bawul ɗin EGR: hayaƙin da ido ba ya gani, da abin da doka ta ce

Duk mai Hilux ko bas mai shan dizal a Abuja, in ya cika zuwa garejin Apo, ya taɓa jin wannan shawara: "Alhaji, a toshe EGR ɗin kawai, ka huta." Sai a sa faranti a rufe bututun, a taɓa na'urorin auna iska ko kwamfutar motar don kada fitilar gargaɗi ta kunnu. Kuma gaskiya motar takan ƙara ƙarfi. Shi ya sa shawarar take karɓuwa.

Bawul ɗin ba ado ba ne. Aikinsa shi ne ya maido wani ɓangare na hayaƙin salansa cikin inji, don zafin ƙonewar mai ya ragu. In zafin ya yi yawa, inji yana samar da iskar da ake kira NOx, wadda ke kumbura hanyoyin numfashi, ta tayar wa masu asma da ciwonsu. Bakanikai suna da tasu hujjar: dizal mai yawan sulfa da tafiyar hawainiya a cunkoson Nyanya suna cika bawul ɗin da kunkunniya har ya maƙale. Amma a wanke shi ko a canza shi, shi ne gyara; toshewa rufe ciwo ne da tsumma.

Dokar da ta shafi wannan kai tsaye ita ce ƙa'idar kayyade hayaƙin injinan fetur da dizal ta 2011, wadda hukumar NESREA mai kula da ingancin muhalli take aiwatarwa. An kafa hukumar ne a 2007. Ƙa'idar ta gindaya iyakar gurɓatacciyar iskar da mota za ta fitar, kuma motar da ta zarce iyakar ta saɓa doka, ko wane irin aiki aka yi mata a gareji. Ita kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, fitar da hayaƙi fiye da kima yana cikin laifukan da take cin tara a kansu. A 2020 ma ƙasashen ECOWAS sun amince cewa motocin da za a shigo da su su cika ma'aunin Euro 4, wato ma'aunin hayaƙin mota na Turai, sulfar mai kuma kada ta wuce kashi 50 cikin miliyan. Mai toshe EGR yana mayar da motarsa baya ne daga wannan ma'auni.

Ga inda mutane suke ruɗewa. Motar da aka toshe wa bawul sau da yawa baƙin hayaƙinta raguwa yake yi, don haka jami'in da ke tsaye bakin titi ba zai ga komai ba. Sai direba ya ɗauka ya tsira. Alhali NOx ɗin ne ya ƙaru, kuma shi sai na'urar gwaji take kama shi. Shaƙarsa kuwa, mai tallan ruwa da ɗan sandan da ke ba da hannu a mahaɗa su ne kan gaba.

A Amurka dokar tsabtar iska ta haramta taɓa waɗannan na'urori ƙarara. A 2015 aka gano Volkswagen ya sa wa motocin dizal kusan miliyan 11 manhajar da ke yaudarar gwajin hayaƙi, ya kuma biya biliyoyin daloli. Iskar da aka ɓoye a can, ita ce dai NOx.

Mai niyyar sayen tokumbo ko motar hannu ya sa bakaniken da ya yarda da shi ya duba ko bawul ɗin yana aiki, don in aka kama motar da laifin hayaƙi, wanda take hannunsa ake tambaya, ba wanda ya sa farantin ba.