Wandon Filis na Ɗinkin Gida

Wandon filis wando ne mai laushi da ɗumi wanda ake ɗinkawa da yadin filis, ana sa shi domin zaman gida ko barci, ko kuma a ƙarƙashin wata riga mai kauri a lokacin sanyi. Yana daga cikin kayan da masu koyon ɗinki suka fi farawa da su a gida, domin ba ya buƙatar zik ko maɓalli, kuma siffar da ake yanka wa babba ita ce ake rage wa yaro, da ɗan bambanci a wajen hantsa da ƙugu.

Yadin da asalinsa

Filis yadi ne na saƙa da ake yi da zaren foliyesta, sannan a taje fuskarsa da inji har ta tashi kamar gashin tunkiya. Masaƙar Malden Mills da ke jihar Massachusetts ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi a wajejen 1979 tare da haɗin gwiwar kamfanin Patagonia mai yin kayan hawan duwatsu, daga baya kuma masaƙar ta riƙa sayar da shi da sunan Polartec. Mai masaƙar, Aaron Feuerstein, bai yi rajistar mallakar wannan fasaha ba, abin da ya ba sauran masaƙu damar kwaikwayonsa har ya yi araha ya bazu a duniya. A 1993 Patagonia ta fara sayar da filis da aka yi da tsofaffin gorunan roba da aka narkar, domin da sinadarin da ake yin gorar ake yin zaren.

Ana rarraba filis bisa nauyinsa, inda ake jin lambobin 100 da 200 da 300, waɗanda suke nuna kusan giram nawa ne nauyin murabba'in mita ɗaya. Mai lamba 100 shi ne siriri, ya fi dacewa da wandon barci da na jarirai, mai lamba 200 kuma shi ne matsakaici da ya dace da yawancin wanduna. Mai lamba 300 ya fi kyau da bargo ko jaket, domin idan aka yi wando da shi ɗinkin hantsa yakan yi tauri har ya dami mai zama. Faɗin yadin yawanci santimita 150 ne, saboda haka kimanin mita 2 yakan ishi babba matsakaici, ƙaramin yaro kuwa sau da yawa ba ya cin mita ɗaya.

Halin yadin a hannun mai ɗinki

Babban abin da ya sa filis ya yi wa mai koyo sauƙi shi ne bakinsa ba ya warwarewa bayan an yanka, don haka ba dole ba ne a bi bakin ɗinki da keken wibin mai daje bakin yadi, kuma kalmasa ninki ɗaya ta wadatar. Sai dai wannan sauƙin yakan sa wasu su yi sakaci da abin da ya fi muhimmanci, wato inda yadin yake miƙewa. Filis ya fi miƙewa ta faɗinsa fiye da tsawonsa, saboda haka tilas ne a shimfiɗa ƙafar wando ta bi tsawon yadin, miƙewar kuma ta zagaye jiki. Wanda ya juya yadin domin ya yi tattali zai sami wandon da ya matse cinya, kuma yake zazzagowa a gwiwa bayan 'yan kwanaki.

Haka kuma gashin yadin yana kwantawa ne ta fuska ɗaya. Idan aka shafa shi da tafin hannu za a ji santsi ta wani gefe, a ji ɗan turjiya ta ɗaya gefen, kuma idan aka yanka ƙafa ɗaya tana kallon sama ɗaya tana kallon ƙasa, launinsu zai bambanta a cikin haske ko da daga yadi ɗaya suka fito. Gane ciki da waje ma yakan yi wuya tun da fuskokin biyu sun yi kama. Dabarar da aka sani ita ce a ja bakin da aka yanka ta faɗi a hankali, sai a ga ya nannaɗe zuwa fuskar ciki, daga nan a yi wa kowane yanki alama da alli kafin a ɗaga shi daga tebur.

Awo da yanka

Ana iya sayen zanen takarda da aka riga aka tsara, amma da yawa suna ɗaukar awo ne daga wandon da ya riga ya yi wa mai shi daidai. Ana ninke shi biyu, a fitar da lanƙwasar hantsa sosai, a ja robar ƙugu har ta miƙe, sannan a zana gefensa a kan takarda. Jan robar wajibi ne, domin bakin wando mai roba dole ya kai faɗin ɗuwawu, in ba haka ba ba zai shiga ba. Ana ƙara kamar santimita 1 zuwa 1.5 a gefe domin ɗinki, santimita 4 a sama domin gidan roba, da santimita 2 ko 3 a ƙasa domin kalmasa.

A hantsa ne wando yake kyau ko ya lalace. Lanƙwasar baya ta fi ta gaba tsawo da zurfi, kuma ƙugun baya ya fi na gaba tudu, saboda idan mutum ya zauna ko ya sunkuya yadin baya ne yake tafiya. Wandon da aka yanka gaba da baya iri ɗaya yana yiwuwa, kuma ga yaro ɗan shekara uku ko huɗu ba a cika ganin aibinsa ba, amma ga babba yakan tara yadi a gaba ya bar baya a buɗe. Ga jariri mai sa kunzugu ana ƙara zurfin baya fiye da yadda awon jikinsa ya nuna. Ya kamata kuma a tabbata ƙafafun biyu sun fito dama da hagu, wanda ake samu idan aka ninke yadin aka yanka su lokaci ɗaya.

Haɗawa

Allurar keke mai dunƙulallen baki da ake ɗinkin yadi mai miƙewa da ita, lamba 80 ko 90, ita ta fi dacewa, tare da zaren foliyesta. Ana tsawaita takun ɗinki zuwa milimita 3 ko ɗan fiye, ko a yi siririn zigzag, domin gajeren taku yana sa yadin ya miƙe ya yi tudu da kwari, miƙaƙƙen ɗinki kuma yakan tsinke idan an ja shi. Ana fara haɗa kowace ƙafa ita kaɗai, sannan a juya ɗaya a cusa ta cikin ɗayar yadda fuskokin waje za su haɗu, a ɗinke hantsar daga gaba zuwa baya a tafiya ɗaya. Masu ɗinka wa yara sukan maimaita wannan ɗinki sau biyu, tun da nan ne yake fara yagewa.

Daga nan sai a ninke ƙugu a ɗinka, a bar ƙofa kamar santimita 5, a zura roba mai faɗin santimita 2.5 da fil mai kulle. Ana yanka robar ta gaza awon ƙugu da 'yan santimitoci, a ɗora bakinta a kan juna a ɗinke da zigzag bayan an tabbata ba ta murɗe ba. Ɗan ƙyalle da aka maƙala a ƙugun baya yana taimaka wa yaro ya gane gaba da baya da kansa. Ga ƙananan yara roba ta fi mazagi aminci, domin igiya mai lilo tana iya sarƙewa da wani abu a wurin wasa, kuma Tarayyar Turai tana da ƙa'ida mai lamba EN 14682 da ta taƙaita igiyoyi a tufafin yara da ake sayarwa.

Zafi da wanki

Filis ba ya jure zafi. Dutsen guga mai zafi yana kwantar da gashinsa ya bar tabo mai sheƙi da ba ya gyaruwa, don haka ana danne ɗinki da yatsa kawai. Idan wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne wa fata, saboda haka bai kamata mai sanye da shi, musamman yaro, ya matsa kusa da murhu ko kyandir ba. Ana wanke shi da ruwan sanyi ko mai ɗumi-ɗumi bayan an juya cikinsa waje, domin rage ƙulle-ƙullen da gogayya take haifarwa a gwiwa da tsakanin cinyoyi, kuma yana bushewa da sauri tun da zarensa ba ya shan ruwa sosai. A kowane wanki yana zubar da ƙananan zaruruwan roba da suke bin ruwa su shiga koguna da teku, abin da ya sa ake ba da shawarar rage yawan wankinsa ko sa shi cikin jakar wanki mai tace su.