Wai gwamnati ce ke gina wa talaka gida?

Mutane da yawa har yau gani suke in babu gidaje to gwamnati ce ta daina gini, wai da can ita ke yi. Gaskiya ko a da ba haka abin yake ba. Lokacin Shagari a 1980 an yi niyyar gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, su ne lokos ɗin nan da ake kira Shagari Kwatas, kuma ba a cimma adadin ba aka yi juyin mulkin 1983. Daga 1991 ma manufar gwamnati kan gidaje ta koma kan 'yan kasuwa da ɗaiɗaikun mutane, sai aka kafa asusun gidaje na ƙasa, wato NHF, a 1992, aka fara cire kashi 2.5 na albashin ma'aikata ana zubawa a ciki, to wannan kuɗin fa ba na gidan kyauta ba ne, dama ce ta neman bashi ta hannun FMBN, bankin gwamnatin tarayya mai ba da bashin gida, kuma sai ka biya.

Leƙa Rijiyar Zaki ko Mariri a Kano ka gani, mutum ya sayi fili da adashi, bana ya zuba fandesho, baɗi ya kai linta, buhunan siminti na jingine a zaure, a haka yawancin gidajenmu suka tashi. Inda gwamnati ke da ƙarfi sosai shi ne fili, tunda dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa hannun gwamnoni, takardar mallaka kuwa samunta aiki ne ja.