Waiwaye: daga ina intahaus da kulob-kulob suka zo makarantun ƙauye?

Duk shekara idan sanyi ya fara ja da baya a zangon karatu na biyu sai ka ga hotunan intahaus, wato gasar wasanni tsakanin haus-haus na makaranta, sun cika Facebook, yara cikin riguna ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, an ja layin gudu da toka, an kafa rumfa an jera wa hakimi da ciyaman kujerun kushin na aro. Yini ɗaya ne fa. Washegari a kwashe rumfa awaki su dawo filinsu, sai kuma baɗi in da rai. Ni a irin wannan makarantar na yi sakandare, ta jeka-ka-dawo a ƙauye, kuma tun ina aji ɗaya abin yake ɗaure min kai, wai me ya sa ake raba mu haus-haus bayan kowa a gidan ubansa yake kwana?

Sai daga baya na gane aro aka yi, kuma aron ya daɗe. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 Turawa tsarin makarantun kwana na Ingila suka ɗauko ɗungurungum, yaro yana da ɗakin kwanan da ake kira haus ɗinsa, da haus masta da kyaftin, in la'asar ta yi kowa ya fito fili ko yana so ko ba ya so. Kurket ake bugawa da fayis, wasan buga ƙaramar ƙwallo a jikin bango da tafin hannu, kuma kowa ya san yadda Sardauna ya riƙe fayis ɗin nan har bayan ya zama Firimiya, shi ya sa har yau akwai masu buga shi a Katsina da Sakkwato. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yanzu mai gidaje irin su Dan Hausa da Nagwamatse, makarantun midil na larduna su ma suka bi sahu. To a can haus abu ne na gaske, da su kake kwana, da su kake cin abinci a dainin, da su ake yi maka bulala, dole ranar gasa ka ji abin a jininka.

Kulob-kulob ma haka suka taru a hankali. Sikawut ta shigo Najeriya tun 1915, MSS ta ɗalibai Musulmi an kafa ta a Legas a 1954, FCS ta ɗalibai Kirista ta fara a Gindiri a 1957, ga kulob ɗin muhawara da na wasan kwaikwayo da na matasan manoma, daga baya JETS ta 'yan kimiyya ta zo a shekarun 1980. Abin da ya riƙe su duka ba wani kuɗi ba ne mai yawa, lokaci ne. Ɗan makarantar kwana daga ƙarfe huɗu zuwa magariba ba shi da inda za shi, malaminsa ma a kwatas yake cikin makaranta, ana kaɗa ƙararrawa an haɗu.

Matsalar ta faro ne lokacin da karatu ya yi yawa, wanda kuma alheri ne ba sharri ba. UPE ta 1976, shirin karatun firamare kyauta ga kowa, ta kwaso yara maƙil ta zuba a firamare, bayan shekara shida duk suka fito suna neman sakandare, daidai lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, kuma daidai lokacin da kuɗin mai ya fara tsukewa, ga SAP, shirin tsuke bakin aljihun gwamnati, ta biyo baya a 1986. Ciyar da yaro sau uku a rana ya fi ƙarfin jihohi, sai aka koma gina na jeka-ka-dawo a ƙauyuka, bulo biyu ko uku da ofishin firinsifal, wasu na kwanan ma aka mayar da su na yini. Aka ɗauko sunan haus da kyaftin da gemis masta aka kawo, amma la'asar ɗin nan da komai ya dogara a kanta ba a kawo ta ba.

Don Allah ka duba yinin ɗan ƙauye. Ana tashi wajen ƙarfe biyu, wani sai ya taka kilomita huɗu ko biyar kafin ya isa gida, in damina ce fartanya na jiransa, in kaka ce girbi, in rani ne ban-ruwa a fadama ko ɗebo ruwa da kura, ga Islamiyya bayan la'asar, ranar kasuwa kuwa rabin aji ma ba ya zuwa tun safe. 'Yan mata kam ba a ma maganarsu, wace uwa ce za ta bar 'yarta ta koma makaranta da yamma wai za ta yi gudu? Malamai kuma yawanci a hedikwatar ƙaramar hukuma suke zaune, ana tashi kowa ya hau mashin ɗinsa. Gemis masta ɗinmu malamin lissafi ne, an ba shi muƙamin ne kawai don shi ne ƙarami a cikin malamai, ƙwallo ɗaya ce a ofis kuma a kulle take a kabad kamar takardar jarabawa.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne kulob ɗin manoma. A birni ana koya wa yaro yadda ake shuka masara ya ga abin burgewa, mu kuwa da muka tashi da kanta a hannu aka ce mu shiga kulob mu koyi noma, ƙarshenta dai gonar makaranta muke nomewa, gyaɗar kuma ba mu taɓa sanin inda take zuwa ba. Sannan wasannin da muka iya tun muna ƙanana, langa da kokawa, babu wanda ya sa su a jadawali, alhali langa har a bikin wasanni na ƙasa ana yin ta.

Waɗanda suka rayu su ne marasa buƙatar komai daga ofis. MSS tabarma da inuwar bishiya sun ishe ta, kuma tana da nata reshe-reshe har zuwa jiha, ana musabaƙa da kacici-kacici, ana tafiya IVC, wato kwas ɗin addini, lokacin hutu, yara da yawa a nan suka fara riƙe makirfo. Kulob ɗin muhawara da na 'yan jarida kuwa rayuwarsu a hannun kofa take, in aka yi sa'a NYSC ta turo mai himma sai ka ga ana karanta labarai a asambuli ranar Litinin, yana gama shekararsa ya tafi, kulob ɗin ya bi shi. Tamola ita ba ta mutu ba, ƙaura ta yi daga makaranta ta koma unguwa, inda ake da tim mai sunan Chelsea ko Barcelona da kofin da ɗan siyasa ke sawa gab da zaɓe.

A sama dai ana ta yi, Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a Sin a 1985, an fara Shell Cup na makarantun sakandare a 1998, ga Ramat Cup a Kano. Amma kafin ɗan ƙauye ya kai nan sai ya fara samun kuɗin motar zuwa wasan shiyya. Mu sau ɗaya muka je, a bayan akori-kura, da jesin aro na tim ɗin unguwa, rabinmu ba but, muka tarar ɗaya makarantar ta zubo sojojin haya masu gemu, wani wallahi na san shi yana faci a tasha. Biyar suka zura mana.

Sai kuma abin da ya zo ya ƙarasa sauran. Korona ta rufe makarantu a 2020, ana buɗewa 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba, a Fabrairun 2021 aka yi na Kagara da Jangebe. Jihohi suka rufe makarantun kwana da ke bakin daji, wasu aka mayar da su na yini, wato ko inda la'asar ɗin ta rage nan ma aka ɗauke ta, kuma a wurare da yawa ba iyayen da za su yarda yara su taru a fili har rana ta yi sanyi. Bara da na je gida na leƙa tsohuwar makarantarmu, an yanka gefen filin an yi sabon bulo na ajujuwa, turken raga ɗaya ne ya rage a tsaye, wani ya ɗaure jakinsa a jiki. Intahaus ɗin ma an ce min yanzu kafin azahar ake gamawa kowa ya kama gabansa.